Cinikin Motar Baffa

Wata Laraba ce, cikin kakar shekarar da na cika tara, Baffa, mahaifina, ya ɗora ni a bayan kekensa tun rana ba ta yi zafi ba, muka kama hanyar Gwarzo. Inna, kakata da ta haife shi, ita ta ɗaura mini zanen sallata, ta ƙulle mana dafaffiyar gyaɗa a tsumma, ta tsaya bakin zaure tana kallonmu. Hagu da dama an tuge gyaɗa an kifa ta tana shan rana, mata da yara sun duƙa suna roro, jakuna kuwa sai wuce mu suke da buhuna bibbiyu, masu su na biye da tsumagiya. Ban taɓa wuce garinmu Garo ba sai ran nan, don haka na ƙanƙame rigarsa da hannu biyu. Sai da muka yi nisa sannan ya yi magana, bai ko waiwayo ba. Ya ce, "Hajjo, mota za mu je gani. Ko ta burge ki kada ki nuna. In dillali ya ga ana so, ya daina ragi ke nan."

Gidanmu shi ne na ƙarshe a gefen Garo, daga shi sai gonaki. Kakanninmu makiyaya ne da suka gaji da yawo suka zauna, shi ya sa garken shanu ya fi ɗakunanmu girma. Mu uku ne a gidan: ni, da Baffa, da Inna. Mahaifiyata ta rasu ina shekara shida, ba ta bar kowa ba sai ni. Idan 'yan matan cikin gari suna gaɗa da yamma, ina jiyo tafinsu daga nesa, amma Inna ba ta barina in je, wai hanya da nisa kuma babu mai rako ni. Carafke ma ni kaɗai nake yi a gindin rumbu, in ci kaina, in kuma sake. Abokiyar hirata ita ce Goshi, wata farar saniya mai ɗigon baƙi a tsakanin idanunta, wadda mahaifiyata ta zo da ita daga gidansu, ta zama tawa bayan rasuwarta. Ni nake kai mata harawa, ni nake cire mata kaska, kuma duk abin da ya faru da ni a makarantar allo ita nake fara faɗa wa. Tana tuƙa tana kallona da manyan idanun nan, ni kuma in ɗauka ta gane.

Baffa noma yake yi, amma zuciyarsa na kan hanya. Da ƙuruciyarsa ya yi karen mota shekara huɗu tsakanin Kano da Funtuwa, har ya koyi tuƙi ya samu lasin, kafin mutuwar mahaifinsa ta dawo da shi gida. Kowace kaka yana kallon yadda mutanen ƙauyukanmu ke shan wahalar kai gyaɗa wurin awo a kan jakuna, wani ya yini a hanya saboda buhu biyu. Yakan ce, "Mai mota ɗaya zai kwashe abin da jaki talatin ke ɗauka." A shekarar nan gyaɗa ta yi kyau, ya sayar da tasa, ya haɗa da bijimansa duka, ya ce lokaci ya yi.

Dillalin da muka je wurinsa ana kiransa Alhaji Ɗan'iya, wani kakkauran mutum mai yawan dariya, wanda ke sayo tsofaffin motoci daga Kano ya ajiye a ƙofar gidansa. Biyu muka tarar a ƙarƙashin wata ɗorawa: wata ƙaramar baƙar mota irin ta manya, da wata koriyar akori-kura mai bodin katako. Aka yi gaisuwa har na gaji da tsugunno, aka tambayi gida da shanu da damina, aka kawo fura. Na san koriyar Baffa yake so, domin ya sha kwatanta ta a gida, amma sai ya nufi baƙar ya yi ta zagaya ta. Da ƙyar ya juyo kamar wanda ya tuna da wani abu, ya ce, "Waccan fa, Alhaji, tana tashi kuwa?" Aka tada ta. Ya tuɓe babbar rigarsa ya ba ni riƙo, ya kwanta a ƙasa ya shige ƙarƙashinta. Ya fito ya shafa tayoyin ɗaya bayan ɗaya, ya kara kunne a jikin injin ya rufe ido, ya koma baya ya kalli launin hayaƙin. Sannan ya shiga lissafa mata aibu a natse: lagireto na yoyo, tayar baya ɗaya ta cinye, katako biyu sun ruɓe, giya ta biyu tana kuka.

Alhaji ya yi dariya ya ce, "Malam Jauro, ai ka fi bakanike. To duk da haka, fam ɗari huɗu." Baffa ya kakkaɓe wandonsa ya ce ya saya ɗari biyu da hamsin. Alhaji ya ce, "Albarka." Haka suka yi ta yi har aka kira azahar, wannan ya sauko da biyar, wancan ya hau da biyar, a tsakani a saki zancen mota a koma zancen farashin gyaɗa, sannan a dawo. Da Alhaji ya tsaya a ɗari uku da arba'in, sai Baffa ya karɓi rigarsa ya ce Allah ya kawo kasuwa, muka tafi. Ban waiwaya ba, saboda na ga shi ma bai waiwaya ba.

A hanyar dawowa muka tsaya a gindin wata tsamiya muka kwance ƙunshin gyaɗar Inna. Nan ya faɗa mini dalilin zuwa da ni. Ya ce duk abin da ya mallaka fam ɗari uku ne, kuma ya san Alhaji ba zai sauko har can ba. Abin da ya rage a garke mai tsada guda ɗaya ne. "Goshi taki ce, gadon uwarki ce," in ji shi. "Ba zan taɓa ta ba sai da yardarki. Shi ya sa na kawo ki, ki ga abin da idonki." Na kalli gyaɗar da ke hannuna na kasa ci. Ban taɓa jin Baffa ya roƙi wani abu wurin kowa ba, ga shi yau ni yake roƙo. Na ce, "Na yarda." Ya ɗora hannu a kaina, ya daɗe bai ɗauke ba.

Satin da ya biyo baya ban san yadda na yi shi ba. Na ci gaba da ɗebo ruwa, da tsinke gyaɗa, da taya Inna murza tunkuza, amma da na samu sarari sai garke. Na kasa faɗa wa Goshi abin da na yi. A karo na farko na zauna kusa da ita ba magana, ina ba ta dusa da gishiri fiye da ƙa'ida. Inna ta gani ta kawar da kai. Babu wanda zan faɗa wa cewa addu'ar da nake yi bayan kowace salla ita ce Allah ya sa wani ya riga mu sayen motar nan.

Ba wanda ya riga mu. Da muka koma, tana nan a gindin ɗorawar, an ma wanke ta. Aka sake sabon zama, Baffa ya sake samo mata aibu biyu da bai faɗa ba a karon farko. Alhaji ya sauko zuwa ɗari uku da ashirin, ya rantse cewa ko ɗan'uwansa ne ba zai rage sule ba. Ashirin ɗin nan na san daga inda za su fito. Na ga Baffa ya gyara zama, na san hannu zai miƙa. Sai Alhaji ya juyo wurina, inda nake zaune a bakin tabarma, ya ce cikin wasa, "Ke kuma 'yar Baffa, ba ki ce komai ba. Ba ki son a kai ki Kano a gaban mota?" Na buɗe baki in ce ina so, sai kuka ya ƙwace mini. Ba ƙaramin kuka ba, irin wanda ban yi ba tun ranar da aka fita da mahaifiyata. Da ƙyar na iya cewa, "Saniyar Yaya ce," domin haka nake kiran mahaifiyata.

Baffa ya kalle ni, kallon da har yau ban manta ba. Ba fushi a ciki, sai wani abu kamar kunya. Ya janye hannunsa ya miƙe tsaye. Ya ce, "Alhaji, ka yi haƙuri, na ɓata maka lokaci. Ɗari uku nake da shi, babu ƙari. Na fasa." Alhaji ya ɗauka dabarar ciniki ce, ya bi mu har bakin hanya yana cewa a dawo a daidaita, har ya rage fam biyar duk da rantsuwar da ya yi. Baffa ya gode masa, ya ɗora ni a keke. Wannan tafiyar ba dabara ba ce, kuma ina jin Alhaji ya gane haka daga yadda Baffa bai ko rage gudu ba. Da muka iso gida, a bakin zaure ya ce wa Inna, "Baɗi ma shekara ce." Washegari ya ɗauki fartanya ya tafi gona kamar ba a yi komai ba. Ni kuwa na samu abin da na roƙa, amma na kasa haɗa ido da shi wajen cin tuwo.

Kwana goma sha ɗaya bayan nan, da hantsi, ina shanya gyaɗa a tsakar gida na ji ƙugin inji yana matso gidanmu, inda mota ba ta taɓa zuwa ba. Kaji suka watse. Na leƙa ta katanga, sai ga koriyar akori-kura tana tangaɗi a kan kunyoyi, yaran Garo na bin ta a guje, Alhaji Ɗan'iya na zaune kusa da direba yana fifita da hularsa. Ya sauko yana dariyar nan tasa, ya ce wa Baffa kakar gyaɗa ta fara nisa, in ta wuce motar za ta kwana a hannunsa har wata shekara, kuma duk masu tayawa surutu kawai suke yi. "Kawo ɗari ukun, Malam Jauro. Na sallama." Baffa ya ce da sharaɗin a sake tayar nan ta baya. Alhaji ya kama baki ya ce, "Kai, Fulani!" Aka yi dariya, ya yarda. Kafin ya tafi ya ce a nuna masa saniyar da ta ci masa fam ashirin. Na kai shi garke, ya dube ta sama da ƙasa, ya ce lallai ta kai.

Ran nan na ɗauka babu wanda ya kai ni sa'a a duk ƙasar Kano. Ban san abin da motar za ta ɗauka a madadin Goshi ba. Sati bai zagayo ba Baffa ya fara lodi, daga ƙauyukan Kabo zuwa wurin awo, daga baya har Kano inda ake tara buhunan gyaɗa kamar duwatsu. Da farko yakan kwana biyu ya dawo, sannan ya koma sati, sannan sati uku. Da gyaɗa ta ƙare ya koma ɗaukar auduga, da ita ma ta ƙare ya koma hatsi da 'yan kasuwa. Gonarmu aka ba 'yan ƙodago. Gidan da yake mu uku ya koma mu biyu, ni da tsohuwar da ba ta son magana. Bayan la'asar nakan hau tushen wata kuka da ke bakin hanya in zauna, in na ji ƙarar mota daga nesa in miƙe tsaye, in ta wuce in koma in zauna. Na iya bambance kukan giyarsa ta biyu da na kowace mota. In ya dawo yakan kawo mini alewa da ɗan kunne da atamfa, ya ce na yi tsawo, ya ci abinci, barci ya kwashe shi a kan tabarma tun ban gama ba shi labari ba. Da asuba ya tafi. An yi mana rufin kwano, an haƙa mana rijiya a cikin gida, mutane suna cewa Allah ya yi wa Jauro buɗi. Gaskiya ne, ya yi masa.

Yanzu babu sauran dalar gyaɗa, kuma kwalta ta ratsa inda jakuna ke bi. Kwanan baya ɗana ya sayi mota ta waya, yana zaune a falona, bai ko taɓa jikinta ba, cikin abin da bai kai dahuwar shayi ba. Na yi masa murna, amma tunanina ya tafi wani wuri. Baffa ya yi shekara goma sha ɗaya a hanya kafin idonsa ya raunana ya ajiye tuƙi. A shekarar da ya dawo gida ya zauna, a shekarar aka kai ni ɗakina a Kabo. Matar da ya aura daga baya ta faɗa mini cewa kullum bayan la'asar yakan fitar da tabarma ƙofar gida, in ya hango mace tafe daga hanyar Kabo ya kare ido da hannu ya tambaya, "Hajjo ce?" Yawanci ba ni ba ce. Ni na jira shi ina yarinya, shi ya jira ni yana tsoho, Allah bai sa jiran namu ya zo lokaci ɗaya ba.