Furen Tía Eloisa da Rabon Ruwan Don Abrán

Tía Eloisa ƙanwar kakata ce. Ta ƙare ƙuruciyarta tana girki a makarantar ƙauyenmu, can arewacin New Mexico. Ba ta yi aure ba, kuma ba wanda ya isa ya tambaye ta dalili. Kowa a ƙauyen, barkono da masara yake shukawa, ita kuwa tsakuwa ta zuba a bayan gidanta ta shuka furen penstemon, wanda ke miƙewa kamar tsinke, furanninsa kamar 'yan ƙananan ƙararrawa. Akwai ja, akwai shuɗi.

Amma akwai wani fari mai ratsin jini-jini da ta fi ji da shi. Yayanta Lisandro ne ya kawo mata irinsa daga kan dutse lokacin yana kiwon tumaki. Daga baya gobara ta cinye wancan gefen dutsen, shi ma Lisandro ya rasu.

Na taɓa ce mata, "Tía, abin da ba a miya da shi, me ya sa kike masa hidima kamar miji?"

Ta ce, "Ya fi ka amfani, shashasha. Shi ko ruwa ba ya roƙo."

Haka yake kuwa. Furen nan ƙishi da ƙasa marar taki yake so. In ka shagwaɓa shi, saiwarsa ta ruɓe. Ba ya kuma daɗewa a duniya, shi ya sa duk lokacin kaka take barin irin ya bushe a jikinsa, ta yafa shi kafin ƙanƙara ta sauka.

Wata bazara ta zame a bakin ƙofa, ƙugunta ya karye, aka kwantar da ita a birni. Ni a lokacin ina Colorado ina ɗora rufin gidajen mutane. Maƙwabcinta Don Abrán ya leƙa ta katanga, ya ga ƙasa a bushe ƙayau, tausayi ya kama shi. A wurinmu ba kyautar da ta kai mutum ya ba ka rabonsa na ruwan magudanar ban-ruwa ta gari. Tsohon nan ya bar barkononsa da ƙishi, ya karkato ruwansa zuwa lambunta mako bayan mako, har da ƙarin takin tumaki.

Ni na ɗauko ta daga asibiti. Ta tsaya dogare da sanda tana kallon karare baƙaƙe kwance cikin laka. Ko ɗaya bai kai ga yin iri ba.

Sai ga Don Abrán da hularsa a hannu. "Doña Eloisa, na yi iya ƙoƙarina. Zafin bana ne ya fi ƙarfinsu."

Na buɗe baki, ta make min ƙafa da sandar.

Ta ce, "Allah ya biya ka, maƙwabci. To, barkononka fa?"

Ya ce, "Kayya, bar shi kawai."

Da lokacin kaka ya zo, Tía ta tura ni kan dutsen neman irin farin furen. Na yini ina yawo cikin ƙonannun kututture, ban ga komai ba sai ƙaya. Na dawo na faɗa mata.

Ta ce, "Ƙasar dai ta riga ta ƙoshi. Jeka wurin Abrán ka karɓo min irin barkono."

Ja da shuɗin ta sake samo su wurin wata ƙawarta, ta shuka a gefen hanya. Farin kuwa ba a ƙara ganinsa ba. Har ta rasu, Don Abrán bai san abin da ya faru ba.