Sandar Auna Fetur ta Baffa

Jiya na kai tsohuwar akori-kurar Baffa, ƙanin mahaifina, wurin mai wayarin a Gaya. Shekara uku ke nan da rasuwarsa. Mutumin ya kwance dashbod, ya cire matattun agoguna, ya ja sababbin wayoyi. A bayan kujera ya tsinci wata siririyar sanda, ta yi baƙi, tana warin fetur.

"Alhaji, in yar?"

Na ce ya bar ta.

Allurar mai ba ta taɓa motsi a hannun Baffa ba. Sandar nan yake zurawa cikin tanki. Ya yi mata tsaga uku da wuƙa: Ajingi, Gaya, Kano.

Ranar da naƙuda ta zo wa matata da gardama a Gafasa, ina ta azalzalarsa, shi kuwa sai da ya zura sandar, ya ɗaga ta a rana.

"Zai kai mu Gaya, amma ba zai dawo da mu ba. Ku hau."

A ƙofar asibiti motar ta mutu.

Yanzu sabuwar allura tana nuna rabi, ni kuwa ban san ina rabin zai kai ni ba.

Allah Ya jiƙan Baffa, Ya sa guzurin da ya tafi da shi ya kai shi.