Ruwan Zogalen da Inna Take Zubarwa

Haihuwata ta fari a gidanmu na unguwar Ali Kazaure na yi wankanta, kuma ban taɓa jin tsoro irin na lokacin ba. Jini ya zuba da yawa. Da na miƙe tsaye sai ɗakin ya fara juyawa da ni. Nas ta ja fatar idona ta duba, ta ba ni ƙwayoyi, ta ce in yawaita cin ganye, in kuma sati uku ya yi ban farfaɗo ba za su kwantar da ni a ƙara mini jini. Inna ta kafa doka nan take: ba zan goya yaron ba, kada mu faɗi tare. In ba shi nono a zaune, a ɗauke shi. Ɗan da na haifa da kaina, sai dai in gan shi a bayan ƙannena. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai.

Inna, Allah Ya jiƙanta, ba a koya mata girki. An ce ganye, to ga ganye: zogale yau, rama gobe, jibi alayyahu. Sai dai yadda take dafa shi ke nan tun tana budurwa. A jefa kanwa, a bar shi ya yi ta tafasa har ya yi laushi liƙis, a tsiyaye ruwan a kwata, a matse tas, sannan a kwaɗa da ƙuli. Daɗi kam ba magana. Har yau ban ci kwaɗon da ya kama ƙafar nata ba.

Akwai ƙawarta 'yar Ibo mai sayar da ganyen miyarsu da suke kira ugu a kasuwar Laranto, shekara da shekaru suna ciniki suna faɗa. Ta zo barka da ɗaurin ganye a kai, ta tarar da Inna tana tsiyaye tukunya, koren ruwa yana bin kwata. Ta dafe ƙirji.

"Hajiya! Kai yana zubar da magani, yana ba yarinya dusa!"

"Madam, a gidana za ki koya mini dafa zogale?"

Madam ta kwance ɗaurin ganyenta. Ta wanke ugunta, ta murje shi ɗanye, ta tace, ta zuba madara ta miƙo mini. Inna ta ce ɗanyen ganye sai akuya. Na dubi yarona a bayan ƙanwata, na toshe hanci na shanye. Ɗanɗanon ciyawa ne sak, ba zan yi ƙarya ba.

Kwana biyu Inna tana cika tana batsewa. A na uku na lura kwata a bushe take. Ta shigo da kofin silba cike da ruwan zogale mai ɗumi, ba kanwa, ta matsa lemun tsami.

"Ungo, shanye. Haka kakata take yi wa masu jego."

Ban taɓa jin labarin wannan kakar ba sai ranar. Daga nan ganye ya daina daɗewa a wuta, romonsa kuma a cikina yake ƙarewa, ga ƙwayoyin asibiti ba fashi. Madam kan aiko da ugu duk ranar Talata, Inna ta karɓa tana cewa ya yi yaushi.

Da muka koma asibiti, nas ta duba sakamakon gwaji ta ce ba sai an kwantar da ni ba. Muna isa gida na ɗauko zani da majanyi, ban nemi izinin kowa ba. Na sunkuya, na ɗora shi, na ɗaure. Ɗuminsa ya ratsa bayana, sai hawaye. Na taka daga ƙofar ɗaki har zaure, ƙasa ba ta motsa ba. Da na juyo, ashe Inna tana biye da ni taku bayan taku, ta tara hannu biyu a ƙarƙashin goyon.