Mudassiru da Ranar Ruwanmu

Ƙanena Mudassiru manomin tumatir ne, haka kowa ya san shi daga Kura har Bunkure. Amma in ni za a tambaya, mai kwaikwayon mutane ne da Allah ya ajiye a bakin kanal. Tun yana ƙarami yakan laɓe a zaure ya yi gyaran murya irin na Baba, sai Iya ta zabura ta hau zuba tuwo, alhali Baba na gona. An sha zane shi, bai daina ba. Yanzu ga furfura ga 'ya'ya, amma in ya dawo kasuwa sai ya nuna mana yadda dillali ke yamutsa fuska a kan kwando kafin ya taya.

Gona ɗaya Baba ya bar mana wajen Kadawa, ba mu raba ba. Shi ke aiki, ni ke kawo iri da taki, mu raba amfani. Tun rasuwar maigidana da wannan rabon nake riƙe da gida. Ruwan noman rani kuwa ba kullum ake sako shi ba, kowane layi da ranarsa. In ya zo, kowa ya tsaya a kan gonarsa ya jefa bututun roba cikin kanal ya janyo. Wanda ba ya nan ruwa ya wuce shi, sai wani zagayen. Kuma ba a taɓa gonar wani sai mai ita ya roƙa da bakinsa. Tun wata rigima ta zamanin su Baba aka kafa wannan doka.

Bara, tumatirinmu na tsakiyar fure, lokacin da in ya ji ƙishi furen ke zubewa, sai Malama Saliha ta makarantar 'yan mata ta aiko neman Mudassiru. Wai za su yi wasan kwaikwayo a kan rayuwar marigayi Malam Zaharaddini marubuci, kuma an rasa wanda zai fito a dattijon.

Kada a ce ba na son Malam. A sakandare littattafansa kaɗai nake karantawa ba tare da an tsaya a kaina da bulala ba, har a ƙarƙashin tebur. Amma son marubuci daban, sakin gona daban. Mudassiru ya yi ta zarya zuwa Dawakin Kudu wurin 'yar marigayin, Hajiya Nana Aisha, tsohuwa tukuf, yana tambayarta yadda mahaifinta ke zama da yadda yake tari. Ya dawo yana jan ƙafar hagu a tsakanin kunyoyin gona. Matarsa Binta ta ce har sukari ya daina sa wa a shayi, wai Malam ba ya sha.

Da aka sa ranar wasa, sai ta faɗo daidai ranar ruwanmu. Na tare shi a ƙofar gida. Ya ce in kwantar da hankalina, ya bar wa Amiru, maƙwabcinmu na gona.

Na ce, "Da bakinka ka roƙe shi?"

Ya ce, "Da bakina, Yaya. Ke dai ki zo ki ga ƙanenki."

Na ɗaura sabuwar atamfata na tafi. Ina shiga ɗakin taron, wa zan gani a sahun gaba ya kafa hula? Amiru. Ya gaishe ni har da russunawa, ya ce ai ya danƙa wa Lukmanu, na kusa da shi a layinmu, gonarsa da tamu. Na waiga, ga Lukmanu a jikin taga yana cin gyaɗa. Shi kuma wai ya bar wa na ƙasa da shi. Na bi fuskoki ɗaya bayan ɗaya: layinmu kaf yana cikin ɗakin nan, kowa ya bar wa ɗan'uwansa amana ya taho kallo.

Na buɗe baki ke nan aka yaye labule.

Zan faɗi gaskiya ko da haushi na cina. Wanda ya fito ba ƙanena ba ne. Wani tsoho ne cikin koɗaɗɗiyar riga, yana jan ƙafa, ya zauna a kan buzu kamar gwiwoyinsa na masa ciwo. Kafin ya faɗi abin dariya sai ya ja kunnensa, ɗaki ya kece, shi ko murmushi babu. Da ya fara ba da labari, na ji muryar da nake ji a kaina ina 'yar makaranta, wadda ban taɓa ji da kunne ba. Hajiya Nana Aisha na gabana, ta rufe baki da gefen mayafi, kafaɗunta na rawa. Ban san lokacin da na zauna ba.

Amma rana na ta hawa, kuma da azahar ake rufe ruwa. An zo wurin da Malam ya makance, zai faɗa wa 'yarsa labarinsa na ƙarshe ta rubuta, a nan na miƙe. Na zunguri Amiru, ya ce in bari a gama. Na fita ina tsaki, na hau acaɓa.

A bakin kanal daga ni sai balbelu. Na tuɓe takalmi, na tattare zane, na dulmiya bututu, na toshe bakinsa da tafin hannu na fizgo, yadda Baba ke yi. Sai da na sha faɗuwa cikin laka kafin ya kama. Na tsaya ina kallon ruwa na shiga gonarmu, yana wuce na sauran. Babu wanda ya roƙe ni, ban taɓa ta kowa ba.

Furenmu ya tsaya, nasu ya zube fiye da rabi. Amiru ya zo yana ƙorafi wai da na taimaka. Na tuna masa cewa ubansa na cikin waɗanda suka kafa dokar, kuma na zungure shi ya ƙi tashi.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne har yau ba a daina zancen ƙarshen wasan nan ba. An ce tsohuwar ta hau dandamali da sandarta, ta kama hannun Mudassiru ta kira shi Baba. Kowa ya gani, har masu asarar fure, ban da ni. Ba a sake yin wasan ba. Na ce ya yi mini wurin kawai a tsakar gida, ya sosa ƙeya.

"Yaya, ba ya zuwa sai da taro."

Mutumin da ke kwaikwayon dillali ba a tambaye shi ba! Na riga na aika wa Malama Saliha: in za a sake, a fara zuwa a tambaye ni ranar ruwa, kuma a ajiye mini kujerar Amiru.