Da Sauƙi, In Ji Baba Yamusa

Baba Yamusa bai taɓa cewa wata hanya tana da wuya ba. Shekara shida na yi ina binsa a duwatsun bayan Dutse Alhaji, Asabar ɗari biyu da sittin da ɗaya in an cire azumi da ranakun ruwan sama, ban taɓa jin kalmar ta fito daga bakinsa ba.

Mutumin wani ƙauye ne ta wajen Keffi. Ya shigo Abuja tun ana sarar daji, ya yi shekara tara yana fasa dutse da guduma, kuma tsakuwar da ya fasa ita ce ta zama titunan da yau ake danna masa hon a kai. Da inji ya karɓe wannan aiki sai ya koma ga-ruwa: garwa biyu, sanda ɗaya a kafaɗa, ya bi kwazazzabon bayan unguwa ya gangara rafi, ya hauro. Shekara goma sha huɗu yana haka. Sai farar hula suka dawo mulki, arziki ya shigo gari, kowane mai gida ya haƙa burtsatse, samari suka cika layi da kurar jarkoki. Garwar Baba ta koma mazubin shara.

'Yarsa Hussaina, wadda ke aure a Masaka, ta ba shi wa'adi. In wata ya ƙare bai samu abin yi ba, za ta zo da mota ta kwashe shi. Har ta saya masa kujerar roba ta zama a ƙofar gida. Wannan kujera ita ce abin da Baba ya fi tsoro a duniya. "Wanda ya hau ta," in ji shi, "sai makara ce ke sauke shi."

A daidai lokacin na same shi. Ni ne sakataren ƙungiyar motsa jiki ta ofishinmu. A shekarun nan kowa ya sayi mota, tumbi ya biyo baya, likita ya ce a dinga taka ƙasa. Mu ashirin da uku muna zagaya filin ajiye motoci duk Asabar, zagaye goma sha biyu, har masu gadi suka fara yi mana tafi. Na kawo shawarar a fita duwatsu. Shugabanmu Oga Thaddeus, mataimakin darakta, mai nauyin kilo ɗari da takwas, na sani don ni ke riƙe da sikelin ƙungiya, ya amince da sharaɗi ɗaya: hanya mai sauƙi. In ta yi daɗi, a ɗauki ɗan jagora na dindindin. In ba ta yi ba, a koma filin motoci.

Mai shayin bakin kasuwa ne ya nuna mini Baba. Ranar Laraba muka je gwada hanya. Ina da ɗan carbin nan na dannawa, da shi nake ƙirga taku. Baba ya ga ina ta dannawa, sai ya kama bakinsa tun daga unguwa har rafi don kada ya katse mini zikiri, da muka isa ya ce in saka shi a addu'a. Taku dubu biyu da ɗari ɗaya da arba'in, minti talatin da takwas, inuwa kusan duk hanya, babu inda hannu ya taɓa ƙasa. Na tambaye shi yadda yake ganinta, ya ce, "Da sauƙi." Na rubuta.

Ranar Asabar mutum goma sha tara suka zo. Madam Mabel ta sashen albashi ta zo da lema da kular dafa-duka. A gindin wata ɗorawa hanya ta rabu biyu. Ta hagu ita ce tamu. Ta dama ta haura tsakanin wasu manyan duwatsu biyu kafin ta faɗa kwazazzabo. Oga yana cikin sabon kambas, yana jin kansa kamar soja.

"Baba, wannan hanya fa? Yana zuwa ruwa?"

"Tana zuwa, ranka ya daɗe. Ta ma fi kusa."

"Yana da sauƙi?"

"Da sauƙi."

Na ce, "Oga, wannan ban ƙirga ta ba."

"Aminullahi, kai komai sai ka ƙirga. Baba ya ce da sauƙi. Mu je."

A taku na ɗari uku hira ta mutu. A na ɗari biyar Madam Mabel ta miƙa mini lemarta ta koma rarrafe. A na ɗari shida da goma sha ɗaya na daina dannawa, saboda ina bukatar hannu biyu. Baba kuwa yana gaba da silifas, kula a kai, hannuwa a baya, kamar mai zuwa ɗaurin aure.

Can sama duwatsun sun matso juna, sai mutum ya karkace zai wuce. Mu goma sha uku muka wuce. Oga ya shiga, ya tsaya. Gaba ta ƙi, baya ta ƙi, ga mutum biyar a bayansa suna jira a rana.

Baba ya dawo, ya sauke kula, ya durƙusa ya leƙa. "Sannu, ranka ya daɗe. Yaya ƙarfin jiki?"

"Baba, kar ka gaishe ni. Ba kai ka ce da sauƙi ba?"

"Ni na ce."

"Wannan shi ne sauƙi?"

"To me zan ce, ranka ya daɗe? Babban mutum ya tambaye ni a gaban jama'a, in buɗe baki in ce babu sauƙi? Ai ko asibiti ka je dubiya, kana ganin mutum da roba a hanci, da sauƙi za a ce maka."

"Hanya na tambaye ka, ba mara lafiya ba."

"Ai ita ma hanyar ba lafiya gare ta ba."

Madam Mabel ta yi dariya har ta zauna a kan kula. Daga cikin dutse Oga ya ce, "Mabel, ina jin ki. Litinin yana zuwa."

Ni ban yi dariya ba, don kwana tara suka rage wata ya ƙare.

Baba ya ƙare wa Oga kallo ya ce, "Ba cikinka ba ne, waɗannan 'ya'yan naka ne." Wayoyi uku ne jere a bel ɗinsa, kowacce da jakarta, don a lokacin layi ɗaya ba ya isar babban mutum. Ɗaya ma ta soma ƙara. Baba ya zura hannu ya cire su ɗaya bayan ɗaya yana miƙo mini. "Yanzu juya kafaɗa, kamar mai shigar da garwa zaure. Saki numfashi. Kar ka ja wani sai na ce." Oga ya fito kamar an cire murfin kwalba. Minti goma sha bakwai ya yi a ciki.

Daga nan gangara ce har rafi. Bangon kwazazzabon jajir, ya yi tsawon bene mai hawa huɗu, ruwan kuwa garai-garai iya gwiwa, ga yashi mai sanyi. Wayoyin nan uku babu wadda ta ga sabis. Oga ya tsoma ƙafafu a ruwa, ya cinye faranti biyu na dafa-duka.

"Aminullahi, wurin yana da kyau," ya ce. "Amma mutumin da komai da sauƙi a wurinsa, wata rana zai kai mu lahira ya ce mun kusa."

Baba yana zaune can gefe, ya cire hula ya ɗora a gwiwa, yana kallon silifas ɗinsa.

Na roƙi Oga minti biyar. Na lura bakin Baba ba zai taɓa kushe hanya ba, amma kafaɗarsa ta san kowacce. Na je na tsuguna kusa da shi.

"Baba, lokacin ga-ruwa, in ka biyo wannan hanya da garwa cike, sau nawa kake saukewa ka huta?"

"Huɗu. Da damina biyar."

"Ta ranar Laraba fa?"

"Wannan ai ba a saukewa, sai dai rago."

"Akwai wasu?"

Ya fara naɗe yatsu. Hanyoyi bakwai ne ke zuwa rafin. Biyu ba a saukewa, biyu sauke ɗaya, ɗaya sauke biyu, sai wadda muka biyo. "Ta bakwai kuwa sau ɗaya na taɓa bin ta," ya ce, "garwa ɗaya ta riga ni isa ƙasa."

"Amma da sauƙi ko, Baba?" in ji Madam Mabel.

"Da sauƙi, 'yata."

Na jera su a bayan takardar sunaye, kowacce da lambarta, na kai wa Oga. Ya karanta sau biyu, ya duba gwiwar hannunsa da ta goge.

"Sauke ɗaya shi ne iyaka," ya ce. "Wanda ya wuce nan, shi da Allah. Baba, Asabar ƙarfe bakwai. Kuma daga yau duk wanda ya sake tambayar Baba sauƙi, shi zai ɗauki kula."

Muka koma ta hanyar Laraba.

Ranar ƙarshen wata Hussaina ta zo da motar mijinta. Baba ya riga ya aiko mini in zo da shaida, na zo da takardar ƙungiya mai hatimi.

"Baba, aikin me ka samu?" ta tambaya.

"Manyan ma'aikata nake kaiwa rafi."

"Su ɗebo ruwa?"

"A'a, su kalle shi."

"Sai kuma me?"

"Sai in dawo da su."

Ta dube ni, na miƙa mata takardar. Ta karanta har ƙasa, ta shafa hatimin da yatsa, ta sake dubana tun daga kai har takalmi.

"To, Allah ya ba su lafiya," ta ce. Ta shiga ta share wa ubanta ɗaki, ta kama hanyar Masaka kafin la'asar.