Lambar Fatar Idon Yaya

Shekara goma sha tara Yayata ta yi a ɗakin fayil na asibiti, can ƙarshen baranda, bayan ɗakin wanki. Aikinta sa wa cuta lamba. Likita ya rubuta abin da ke damun mutum da rubutunsa na tafiyar tsutsa, ita kuma ta nemo lambar cutar ta shigar a kwamfuta. Dokar aikin guda ce, kuma Yaya ta riƙe ta gam: abin da likita ya rubuta ake sa wa lamba, ba abin da kake zato ba. Ko a gida ka ce zazzaɓi kake yi, sai ta ce, "In ji wa?"

Bara fatar idonta na hagu, ta ƙasa, ta yi ja tana ɓarewa. Likita ya duba a tsaitsaye, ya rubuta kumburin fatar ido, ya ba ta man shafawa. Sau biyar ana haka cikin wata takwas. Sau biyar kuma fayil ɗinta yana saukowa teburinta, tana sa masa lambar kumburi da hannunta.

Ranar da na ga gashin idon ya fara zubewa, hankalina ya tashi.

"Yaya, wannan fa ba kumburi ba ne."

"Na san abin da ya yi kama da shi," ta ce. "Sau uku ina sa wa irinsa lamba."

"To ki gaya wa likitan mana!"

"Ni a wa? Mai lamba ba ta koya wa likita aiki."

Wallahi ranar na ji haushinta kamar in rufe ta da duka. Da ƙyar na ja ta wurin likitar fata. Aka yanki ɗan wurin aka auna, sai ga shi lufus ne na fata, ciwon da garkuwar jiki ke juyowa ta ci fatar mai ita. Likitar ta ce magani zai tsayar da shi, ta guji rana, ta riƙa sa tabarau. Amma inda tabo ya riga ya zauna, gashi ba zai sake fitowa ba. Da an gano da wuri, da an tsira da shi.

Yaya ta gyara mayafinta ta miƙe. Ni ce na yi kukan.

Bayan kwana biyu na kai mata magani ofis, na tarar da fayil ɗin a gabanta. Likitar ta rubuta sunan ciwon, ta manta ba ta faɗi wane ido ba, alhali kowace fatar ido da lambarta. Yaya ta cire tabarau ta share hawayen da idon nan marar gashi ke zubarwa ko babu dalili. Ta ɗauki takardar tambaya ta rubuta: "Dama ko hagu? Sama ko ƙasa?" Ta maƙala a jikin fayil ɗin, ta sa shi cikin waɗanda za a mayar wa likita.