Ma'ajin da Ya Ƙi Faɗin Sunaye

Malam Sabo tela ne a Fagam, rumfata ta gyaran babura tana jikin shagonsa. Tun ina saurayi shi ke riƙe da makullin ɗakin ajiyar masallacinmu, ba a taɓa neman ko buta an rasa ba. Shi ya sa da Bahauddeen, malamin firamare, ya fito takarar kansila, ya roƙe shi ya zama ma'ajin kamfen.

Kamfen ne na talakawa. Wannan ya kawo tiyar gero, wancan galan ɗin fetur, Bara'atu mai ƙosai ta ba da akuyarta. Kowa ta bayan shago yake zuwa, don abokin hamayyar Bahauddeen shi ke da hannu a rabon takin zamani. In mutum ya ajiye abinsa sai ya ce, "Malam, tsakanina da kai." Sabo ya ce, "Na ji."

Bahauddeen ya faɗi zaɓe. Bayan girbi jam'iyya ta turo mai binciken kuɗi, wani Ismail. Ba mugu ba ne. Aka zauna a ofishin mazaɓa, ƙofa a buɗe, 'yan kallo har taga. Sabo ya nuna rasit na fasta, na lasifika, na mai.

"Madalla, Baba," in ji Ismail. "Saura waɗanda suka bayar. Su wa da wa?"

"Mutanen gari ne."

"Gari ai ba suna ba ne. Ƙa'ida ce, ni ma tambayata za a yi."

"Cewa suka yi tsakanina da su."

Ismail ya yi dariya. "To a sa ni a tsakanin mana, ba ni da ƙiba."

Sabo bai yi dariya ba. Ya dubi taga, ya ga ƙanin sabon kansila ya kasa kunne. Ya ce, "Rubuta abin da ka ga dama, ɗana."

Ismail ya rubuta cewa ba a san inda dukiyar ta fito ba. Kafin maganar ta kai bakin kasuwa ta koma Sabo ya ci kuɗin kamfen. Waɗanda suka bayar sun ji, ba wanda ya ce uffan. Damina na tafe, kowa na son taki.

Na ce masa, "Baba, faɗi ko mutum ɗaya ka wanke kanka." Ya ce, "Wa zan faɗa? Bara'atu? Da 'yar gonarta take ciyar da marayu."

Kwamitin masallaci ya karɓi makullin, wai don ya huta. Daga ranar ya bar sahun farko, ya koma salla a bakin ƙofa. Ɗinki ya ja baya, shi ma jikinsa ya bi.

Bara da azumi ya rasu. Ina cikin masu haƙa kabari. Maƙabarta ta cika, kowa yana cewa mutumin kirki ne, Allah ya jiƙansa. Ni kuwa na ci gaba da zuba ƙasa.